Gayyar Jirgin Ruwa

Shekarar da mahaifiyata ta rasu na ɗauko Baba na kawo shi wurina a Sterling, garin da nake zaune a ƙasar Turawa. Ba ziyara na kawo shi ba, so nake ya zauna. A gida babu wanda ya rage sai ƙanwata da ke aure a wani gari, shi kuma ga hawan jini, ga mantuwar shan magani, ga gida ya yi masa faɗi. Amma tun satin farko na gane zaman nan ba zai karɓe shi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kasuwar hatsi, wanda in ya fito ƙofar gida gaisuwa kan hana shi samun sahun farko, shi ne yake wuni a kujera yana kallon motocin maƙwabta ta taga. Ni ina wurin aiki, matata tana asibitin da take aiki, yara suna makaranta. Kullum na dawo maganar ɗaya ce: "Yaushe zan koma?" Ni kuma in ce bari mu ga likita, ko bari a yi hutun yara.

Ana cikin haka wata Baturiya ta zo zauren taron masallacinmu wata Lahadi bayan azahar. Daga wata ƙungiyar masu kula da tarihi take, ta wani tsohon gari da ke bakin kogin Potomac, kuma ita ce mai kula da sashen wayar da kan jama'a. Ta yafa ɗankwali don girmama wurin, ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba, har sallama ta haddace. Ta ce suna ƙera jirgin ruwa na katako, irin ƙananan da aka yi amfani da su a kogin da bakin teku lokacin da mutanen ƙasar nan suke yaƙin ƙwatar 'yancin kansu daga Ingila. In an gama, da shi za a riƙa koya wa yaran makaranta tarihi. Hannu suke nema, ko wanda bai taɓa riƙe guduma ba.

Ina gefen Baba ina fassara masa. Da na ce aikin sa kai ne sai ya yi mini kallon da yake wa mai kawo masa gero da tsakuwa a ciki. "Sa kai kamar yaya? Soja za a ɗauke mu?" Na rasa yadda zan yi masa bayani, sai na ce, "Baba, gayya ce." Nan take ya gyara zama. Matar kuma ta rufe jawabinta da cewa jirgin nan namu ne gaba ɗaya, kuma ranar da za a saka shi a ruwa ranarmu ce. Haka ta faɗa, haka na fassara, ban ƙara ko gishiri ba.

Duk wanda ya tashi inda muka tashi ya san ƙa'idar gayya. Ba a yin ciniki, ba a rubuta komai. Ka ɗauki fartanyarka ka je ka yi wa mutum noma kamar gonarka, shi kuma ya san abin da ke kansa. In an tashi aiki, ɗan gayya ake fara zaunarwa, shi ake fara ajiye wa akushi, mai gona da iyalinsa su ci a baya. Babu mai tuna wa wani, domin tunin ma zagi ne. Baba ya yi gayya tun yana saurayi, ya kuma kira gayya, saboda haka da ya ji kalmar bai sake tambayar komai ba sai ranar da za a fara.

Haka muka fara zuwa kowace Asabar. Wani tsohon sito ne a bakin ruwa, cikinsa warin katako da kwalta. Mu daga masallaci ba mu da yawa, amma ba ma fashi. Akwai wani bawan Allah mutumin Kumasi, direban tasi a filin jirgi, wanda yake zuwa kai tsaye daga aikin dare idonsa jajur, ya ɗaura ƙyalle a hanci ya kama aiki. Mai kula da ƙirar wani tsohon kafinta ne Bature, marar yawan magana, mai yatsu kamar rogo. Baba bai iya kafinta ba, kuma bai yi da'awar ya iya ba. Sanfefa aka ba shi, aka nuna masa katako, ya zauna yana gogewa. Ya goge, ya shafa da tafin hannu, ya sake gogewa. Shi da kafintan ba su da yare ɗaya, amma sai ka same su sun sa katako a gaba, wannan yana Turanci, wannan yana Hausa, kowa yana gyaɗa kai kamar ya ji.

Abin da ya fara ɗaure wa Baba kai shi ne abinci. Ranar farko da rana ta take, aka nuna mana wani tebur, a kansa gahawa mai ɗaci da busasshen biskit. Baba ya leƙa bayan teburin ko akwai saura, bai ga komai ba. A mota ya ce, "To, baƙi ne a al'adar, a yi musu uzuri. Wataƙila su nasu tuwon sai ranar da aiki ya ƙare." Daga Asabar ta biyu matata ta fara tashi da asuba tana soya mana waina da miyar taushe, mutumin Kumasi yana zuwa da tukunyar shinkafa da wake da barkononsu mai sa mutum tuba. Kowa a siton ya ci, har matar ƙungiyar, tana lasar yatsa tana tambayar sunan miyar. Mu ne 'yan gayya, mu ne kuma masu ciyarwa, kuma a lokacin dariya abin yake ba mu.

Ba zan ci zalinta ba, ta iya aikinta. Motocin makaranta suna kawo yara, ta zaunar da su a ƙasa ta ba su igiya su koyi ƙulli, ta nuna musu yadda ake cusa zaren ƙirtani a tsakanin katakai a bi da kwalta don kada ruwa ya shiga. A bakinta na fara jin cewa da yawa daga cikin waɗanda suka tuƙa irin waɗannan jirage baƙaƙen fata ne, wasu 'yantattu, wasu bayi da iyayen gijinsu suka bayar haya. Su suka san inda kogin yake da zurfi da inda yashi ya taru, su suka ja filafili, kuma da aka samu 'yancin da yawansu ba su ga ko ƙurarsa ba. Na fassara wa Baba. Ya dakata da gugar da yake yi ya ce, "An san sunayensu?" Na tambaye ta, ta ce kaɗan daga ciki. Ya ce Allah ya ji ƙansu, wa ya sani ko akwai masu salla a cikinsu.

Hoto kuwa an ɗauke shi har ba adadi. Duk ranar da mai kyamara ya zo, Baba ake nema, saboda hularsa da farin gemunsa. Fuskarsa ta fito a takardun da suke rabawa makarantu, ta fito a babban allon ƙofar siton, yana sunkuye a kan katako. 'Yata ta gan shi a bangon makarantarsu ta dawo tana tsalle tana ba shi labari da Turanci, shi kuma yana ce mata, "Amarya, kin ga mijinki ya zama ɗan fim, sai ki dage da kwalliya."

Wata uku da fara aikin na lura rabon da ya tambaye ni ranar komawa an daɗe. Da sanyi ya matso shi da kansa ya ce in kai shi kanti ya zaɓi takalmin da ruwa ba ya ratsawa, da babbar rigar sanyi, ya ce a sayi mai ƙwari wadda za ta yi shekaru. Na biya ina ɓoye fuskata, domin na san abin da maganar take nufi. Maganinsa ma ya daina mantawa, wai kada jiri ya ɗebe shi a gaban abokinsa kafinta. In yana waya da tsofaffin abokan kasuwarsa sai ka ji yana cewa, "Jirgi muke ƙerawa, na ruwa. Wallahi. Ranar da za a saka shi ina ciki." Wannan mutum ne da bai taɓa shiga ko kwale-kwale ba, wanda in mota za ta hau gada sai ya rufe ido yana salati. Na tsokane shi da haka, ya ce wannan daban ne, ya san kowane katako da ke jikinsa.

Matata ce ta fara shakka. Ta ce mini, "Mutanen nan fa abin da ba a rubuta ba babu shi. Ka tambayi matar nan yadda za a yi ranar, su wa za su shiga." Na kai maganar gaban Baba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba tun da ya zo. "Ɗan gayya ne yake tambayar tuwo? A gidan wa ka ga an yi haka? Mace ta tako har masallaci ta ce ranarku ce, ka je ka ce mata ta rantse? Kada ka zubar mana da mutunci." Mutumin Kumasi ma da na taɓa masa maganar cewa ya yi da irin Hausarsu ta can, "Alhaji ya yi gaskiya. Wannan mata, shi mutum kirki ne." Babu wanda ya tambaya a cikinmu.

Ranar ta zo a farkon bazara, rana ta fito tas. Baba ya sa babbar rigarsa ta shadda wadda rabonsa da ita tun ranar sunan autata, aka karya masa hula, ya fesa turare. Da muka isa bakin kogin, mu da matata da yara, sai muka tarar an kafa farar rumfa, an jera kujeru a ƙarƙashinta, an zagaye wurin da igiya. Igiyar ma na gane ta, cikin waɗanda muka murɗa ce. Wani saurayi mai murmushi ya tare mu, ya ji mu 'yan aikin sa kai ne, ya yi mana godiya mai yawa, ya nuna mana wani fili mai ciyawa a wajen igiyar inda ya ce za mu ga komai da kyau. Babu kujera ko ɗaya a wurin. Na ce wa kaina wataƙila sai an kira mu, na tsaya kusa da Baba ina riƙe masa lema.

A cikin rumfar mutane ne da ban taɓa gani a siton ba, maza da hulunan rana, mata da manyan tabarau, kowa da kofi a hannu. Aka buga ganga, wasu suka fito da kayan sojan da, aka harba wata ƙaramar igwa yara suka toshe kunne. Sannan matar ƙungiyar ta hau mumbari. Ta gode wa waɗanda suka buɗe aljihunsu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi aka tafa masa. Mu kuma ta ɗago hannu wajenmu ta ce da "al'ummarmu masu albarka", aka juyo aka tafa mana a dunƙule. Daga nan muryarta ta yi rauni, ta shiga labarin baƙaƙen da suka tuƙa jiragen nan aka manta da su, ta ce lokaci ya yi da ƙasar nan za ta daina cin gumin mutane tana barinsu a bakin gaɓa. Har wata a rumfar ta share hawaye. Baba ya taɓa ni ya ce, "Me take cewa?" Na ce godiya take yi.

Aka zame jirgin a hankali ya sauka ruwa. Kyau kam ya yi, ba zan yi ƙarya ba, har ƙirjina ya cika. Sai na ga ana raba rigunan hana nitsewa a cikin rumfar, mutanen nan masu tabarau suna sakawa suna dariya suna jera layi. Baba bai jira kowa ba. Ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya ɗaga igiyar zai wuce. Saurayin nan ya sha gabansa, hannu a buɗe, murmushin bai bar fuskarsa ba, yana cewa ya yi haƙuri, nan na baƙi ne na musamman. Baba bai ji Turancin ba, amma hannun da aka tare shi da shi ba ya bukatar tafinta. Ya tsaya da igiyar a hannunsa, ya juyo ya dube ni.

Ban san lokacin da na tsallaka ba. Na sami matar ƙungiyar a bakin matakalar jirgin na ce, "Tsohon can da ke jikin allonku, ina wurin zamansa?"

Ta dafa ƙirji ta ce, "Ayya, yau wuraren na waɗanda suka ɗauki nauyin aikin ne. Kuma kamfanin inshora ya ƙayyade mana yawan mutane."

Na ce, "Ke kika zo masallacinmu kika ce yau ranarmu ce."

"Ai ranarku ce. Ranar kowa ce. Ina nufin ku zo mu yi murna tare." Ta dube ni da mamaki na gaskiya, kuma wannan mamakin ne ya fi ƙona mini rai. "Da ɗaya daga cikinku ya tambaya, da na san yadda na yi. Babu wanda ya ce mini yana son shiga."

Na faɗa mata maganganu, wasu na tuna, wasu ban tuna ba. Na ce mutum ya yi wata da watanni yana goge miki katako har fatar yatsunsa ta saɓule, sai ya zo ya ce miki yana so? Na ce kin ci wainar matata kin tambayi sunan miya, amma ba ki taɓa tambayar abin da tsohon nan yake tsammani ba. Na ce waɗanda kike wa kuka sun mutu tun tuni, ba sa bukatar kujera, shi ya sa kukan yake miki sauƙi, ga masu rai can a tsaye a rana. Fuskarta ta yi ja, ta ce ba adalci na yi mata ba, kuma za a shirya wata rana ta musamman don 'yan aikin sa kai. Wataƙila da gaske take. Amma ni a lokacin abin da nake gani kawai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani ɗan uwanmu likita ya zo ya riƙe mini hannu yana raɗa mini, "Haƙuri, haƙuri, tsarinsu ke nan, kada ka ja mana magana." Shi ma na ji kamar in haɗa da shi. Haƙurin nan namu ya ishe ni. Mu aka koya wa cewa roƙo abin kunya ne, muka zo ƙasar da in ba ka buɗe baki ba ana ɗauka ka ƙoshi, sannan in an taka mu mu ne za mu fara ba da haƙuri. Mutumin Kumasi dai ya ɗauki tukunyar da ya kawo don walima ya mayar bayan tasinsa.

Jirgin ya tashi. Kafintan ne a baya yana riƙe da akalarsa. Da suka zo daidai inda Baba yake, ya ɗago hannu kamar zai yi magana, sai ya sauke, ya mayar da idonsa kan ruwa. A daidai lokacin mai kyamarar nan ya zo wurin Baba, ya durƙusa a gabansa, yana nuna masa da hannu cewa ya ɗaga hannu yana yi wa jirgin bankwana, wai hoton zai yi kyau da rigar. Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya mayar da hannayensa biyu baya ya harɗe. Haka ya tsaya har jirgin ya yi nisa, sannan ya ce mu tafi, azahar ta yi.

Muka hau mota muka kama hanyar gida. Yara suna baya, matata tana kallon waje. Ni kuwa ina ta tafasa, ina shirya abin da zan rubuta wa shugabannin ƙungiyar, ina faɗa a fili cewa sai sun sauke hotonsa daga allon nan, sai sun zo har gida sun ba shi haƙuri. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana shafa yatsunsa da suka yi kanta. Mun kusa gida ya kira ni da sunan da mahaifiyata take kirana, ya ce, "Ka yanka mini tikitin jirgi."

Na ce, "Baba, gobe-goben nan zan kira su. Ko nawa ne zan biya, kai kaɗai za a ɗauka, a zagaya da kai kogin har ka gaji."

Ya ce, "Ba na ruwa ba. Na sama."